Mu ne masu yi wa fim fuska

Ɗan shagona yana nan wajen Zoo Road a Kano, ni da yara uku, kwamfuta biyu da janareta. Aikinmu shi ne fasta, tambarin kamfani, bana (ƙyallen talla), tirelar fim, duk dai abin da mutum zai fara gani kafin ya kalli fim ko ya shiga wajen baje kolin zane. Mutane suna cewa ai zane ne kawai, a'a wallahi, fim ɗin da aka kashe wa miliyoyi fasta ɗaya tana iya kashe masa kasuwa.

Na koyi aikin ne lokacin da ake yayin CD, lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ce uwa ma ba da mama a harkar Kannywood. A buga fasta babba a manna a bango, a shagon haya, a bayan adaidaita sahu, mai wucewa ya tsaya ya ƙirga jarumai. Yanzu kuwa kasuwa ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, fastar da a da take cika bango ta dawo ɗan hoto a waya wanda bai fi akwatin ashana girma ba, kuma a nan ne rigimarmu da furodusoshi take farawa.

Kwanaki wani Alhaji ya kawo min aikin siris, wato fim mai dogon zango, ya ce lallai sai an sa fuska goma sha ɗaya saboda kowa ya biya shi kuɗi. Ban yi masa musu ba, na haɗa yadda yake so, na kuma haɗa wata mai fuskar jarumar kaɗai, ta juya rabin jiki tana riƙe da takardar saki, sunan fim a ƙasa da manyan baƙaƙe. Na tura duka biyun wayarsa na ce ranka ya daɗe ka riƙe ta nesa kaɗan ka gaya min wa ka gane a ta farkon. Ya jima yana kallo, can ya ce to a bar ta biyun amma don Allah a ƙara dattijon nan a gefe. Muka ƙara shi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne rubutu. Yawancin salon rubutu masu kyau da ake saukowa da su daga intanet babu ƙ babu ɗ babu ɓ a cikinsu, sai ka ga an rubuta kasa alhali ƙasa ake nufi. Mu a shagon nan da hannu muke lanƙwasa musu ƙugiya a manhajar zane ta CorelDraw, yana cin lokaci amma ba na barin sunan fim ɗin Hausa ya fita da gurguwar Hausa.

Aikin gidajen al'adu shi daban ne, kuɗinsa kaɗan amma na fi jin daɗinsa. Wata cibiyar masu zane ta ba mu aikin baje koli, kowa ya ɗauka dagin Arewa za mu maka a tsakiya kamar yadda aka saba. Sai na ɗauki kamara na tafi marinar Ƙofar Mata, na ɗauko shuɗin baba tun yana jiƙe a hannun marini, na biya ta Gidan Makama na ɗauki zanen jikin bango da zankwaye. Da wannan shuɗin da jar ƙasar muka yi komai, katin gayyata, riga, bana, har sitika. Wahalar ma a wajen bugu take, sau uku ina mayar da bana saboda injin yana fito da shuɗin kamar ruwan bula.

Sai maganar biya. Za a kira ka da sha ɗayan dare a ce gobe fim zai hau, ka kwana kana ƙona fetur, da safe a ce sai YouTube ta biya. Yanzu rabin kuɗi nake karɓa kafin in kunna kwamfuta, kuma ina roƙon a riƙa kiranmu lokeshan mu ɗauki hoton fasta da kanmu da haske mai kyau, maimakon a yanko mana hoto mai dishi-dishi daga cikin bidiyo a ce mu gyara.