Tayar ƙanƙara a kan kwaltar Gombe

Shagona yana kan hanyar Dukku, ni da yara uku. Muna sayar da taya sabuwa da ta Beljiyam, muna faci, muna balansin. Masu tsofaffin Marsandi ne suka fi yi mini ciniki, kuma su na fi tausayawa. Motar nan don mai kuɗi aka ƙera ta, yau ga ta a hannun ɗan fansho, ita kuwa ba ruwanta, abin da take ci jiya shi take nema yau.

Duk ranar da aka sauke mana tayoyin Beljiyam, kafin in sha ruwa sai na ware na ƙanƙara gefe guda. Gane su ba wuya. A jikinsu akwai hoton dutse mai kai uku da tambarin ƙanƙara a tsakiya, fuskar kuma cike da 'yan tsage-tsage kamar an bi ta da reza. Don su Jamus aka yi su, inda sanyi kan sauka ƙasa da digiri 7, shi ya sa robar ke da laushi, ta kama hanya ko da dusar ƙanƙara. To ka ɗora wannan roba a kan kwaltar Gombe cikin Afrilu, zafi ya haura 40. Haka za ta riƙa cinyewa kamar sabulu a ruwa, birki ma sai mota ta ƙara gaba kafin ta tsaya. Abin haushin, su suka fi ɗaukar ido, haƙoransu da zurfi, kuɗinsu da sauƙi.

Cikin Disamba wani dattijo ya zo da Marsandinsa mai ido huɗu. Kai tsaye ya nufi waɗanda na ware.

"Yaro, me ya sa ka ɓoye masu kyaun?"

Na ce, "Baba, na ƙasar sanyi ne."

"To ai hunturu muke ciki."

Sai da na danne dariya. Na ce masa, ranka ya daɗe, namu hunturun hazo ne da sanyin asuba, kafin azahar kwalta ta gasu, kuma ba za ka cire su in bazara ta kama ba.

Da na duƙa, sai na ga damuwar ta fi taya. Ɗansa ya sa masa wili mai inci 18 don kwalliya, tayar siririya kamar zobe, biyu sun lanƙwashe a ramukan hanyar Kaltungo. Na ba shi shawara mu koma inci 16 da taya 215/55, irin wadda motar ta saba da ita. Tana da nama, tana shanye rami, kuma ta fi araha ko'ina ka nema.

Wurin zaɓen wili ne ake yawan ƙwarar mutane. Huda biyar ba duka ɗaya ba ne. Faɗin da'irar da hudojin kusoshi suke kai ya bambanta: na Marsandi milimita 112 ne, na Toyota da Lexus 114.3, na tsohuwar BMW 120. Na Lexus kan yi kamar zai shiga, a danna shi da ƙarfi, daga nan sitiyari ya kama rawa, kusoshi suna cin wuya. Ni sai na gwada a jikin motar kafin in karɓi ko sisi.

Daga ƙarshe na nuna masa lambobi huɗun ƙarshe na rubutun DOT da ke gefen taya, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako, biyun baya shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Su ne jami'an kiyaye haɗurra ke dubawa in sun tare ka.

Aljihunsa bai kai sababbi huɗu ba. Ya ɗauki biyu, na ce a ɗaura su a baya, muka zaɓo masa Beljiyam biyu masu ƙuruciya a gaba. Lanƙwasassun wilin nan kuwa ya sa yara suka zuba masa a but, wai zai kai wa ɗan nasa ya gani da idonsa.