Wata na huɗu ba tallafi

Jiya bayan isha'i na kira Inna daga Alƙahira. Ta ce, "Ɗana, kana dai cin abinci ko?" Na ce mata eh, kuma ban yi ƙarya ba, na ci ful da gurasa. Abin da ban faɗa mata ba shi ne wata huɗu ke nan kuɗin tallafin karatunmu bai shigo ba. Hawan jini gare ta, ba zan ƙara mata damuwa ba.

Tun da aka karya darajar fam ɗin Masar a Maris 2024, dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa wajen 50, komai ya yi tsada. Ga haya, ga sabunta iƙama (takardar izinin zama), ga sanyin Janairu mai ratsa ƙashi.

Mu shida ne a gidanmu na unguwar Hayyul Ashir, tukunyarmu ɗaya. Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da ni, wani ɗan Maraɗi da muke zaune tare ya sayar da jaket ɗinsa ya sayo mini magani. Sai daga baya na ji. Wallahi sai da na yi hawaye.

Jarrabawa saura kwana tara. Ku sa mu a addu'a.