Hasumiyoyin sun faɗi, sharar tana nan

Yau a teburin mai shayi wani yaro ya miƙo mini wayarsa: "Baba, kalli yadda Turawa ke rusa gini!" Hasumiyoyi biyu ne na tashar nukiliyar Grafenrheinfeld a Jamus, kowace mita 143, aka dasa musu nakiya a 2024, kafin minti ɗaya sun zama ƙura. Yara sai shewa suke. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, don ba hasumiyoyin ne haɗarin ba, tururin ruwa kaɗai suke fitarwa a da. Makamashin uranium da aka gama amfani da shi yana nan a harabar, a kulle cikin manyan tukwanen ƙarfe, kuma har yanzu Jamus ba ta tsayar da inda za ta binne shi ba. Finland ce ta haƙa nata ramin a Onkalo, sama da mita 400 cikin dutse, wai ya riƙe shekara 100,000.

Nan take Arlit ta Nijar ta faɗo mini a rai. A can an rufe mahaƙar uranium ta kamfanin COMINAK a 2021, ga tsibin tarkacen uranium kusan tan miliyan 20 ana lulluɓe shi da laka da dutse. Jikokin mutanen Akokan, garin da mahaƙar take, nake tunani, su ne za su zauna kusa da shi.