Abin da ƙasa ke faɗa wa mai haƙa foraj

Injin haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, guda nake da shi da yara shida, a Marwa muke, a arewacin Kamaru, aikinmu kuma daga Mora har Yagwa, jefi-jefi mu gangara Garwa. Masu ba mu aiki tambayarsu ɗaya ce: mita nawa za ka nutsa, sefa nawa mita? Ba wanda ke tambayar abin da ke fitowa daga ramin, alhali a nan sana'ar take.

Duk mita guda da injin ya ci, yaro zai tari ƙasar da ruwan haƙa ya turo sama, ya wanke a rariya, ya aje ɗan tuli a kan buhu, a jere. Ni kuma in tsuguna ina murzawa. Yashi mai gautsi, ƙwayarsa manya da ƙanana a cakuɗe da tsakuwa, wannan mayo ne, wato rafin damina, ya kwaso shi da ƙarfi daga duwatsun Mandara, bai yi nisa ba ya zubar. Rairayi mai laushi, ƙwaya kai ɗaya, mulmulalle, wannan iska ce ta tankaɗe shi ko igiyar ruwa a bakin tafki. Yumɓu mai danƙo, toka-toka ko kore-kore, ruwa ne ya tsaya cik shekaru aru-aru har laka ta kwanta. In tsakuwa ta zo a ƙasa, yashi a kanta, laka a sama, to kwarin kogi ne da ya kauce ya bar gurbinsa, kuma daidai nan nake sa bututu mai tsaga, wanda ruwa ke bi ya shiga rijiya. A sa shi cikin yumɓu, ko mita ɗari aka nutsa, mai rijiya zai yi ta buga famfo a banza.

Wurin da na fi jin daɗin aiki shi ne jigawar da ta miƙe daga Limani zuwa Yagwa. Mai wucewa a mota tudun yashi kawai zai gani. Gaɓar tsohon Tafkin Chadi ce, lokacin da ruwansa ya kai kusan mita 320 sama da teku, ya mamaye wajen murabba'in kilomita 350,000, shekara 6,000 zuwa 7,000 da suka wuce. Ita ce ta zarce Najeriya ta Bama. Ka tsallaka ta arewa, ƙasa ta canja hali, laka ta yi kauri, sai an huda ta a kai ga yashin da ke ƙarƙashi. Kudu da ita, wajen Marwa, ba a jimawa ake cin karo da shimfiɗaɗɗen dutse, a nan kuwa ruwa a tsagar dutse yake, sai a sauya kan haƙa a sa guduma mai iska. Kuɗin ma ba ɗaya ba ne, abin da ke haddasa mana dogon ciniki da alhazai ke nan.

Garwa daban take. Dutsen yashinta koguna ne suka jibge shi tun zamanin da masana ke kira Kiretashiyos, sama da shekara miliyan 65. A jikin tudun Tingelin ana ganin layuka a karkace cikin dutsen, irin na tudun yashin kogin Binuwai da rani idan an sare shi da shebur, kuma inda suka karkata can ruwan ya nufa. Dutsen na shan ruwa, haƙa a cikinsa ba ta cika ba da kunya ba.

Wani ɗalibin jami'a da ya yi hutu a wurinmu ya ce in riƙa rubuta jerin ƙasar kowace rijiya da sunan ƙauyen. Da ma ina yi, a littafin 'yan makaranta. Yanzu idan aka kira ni wajen Bogo ko Pette, shi nake fara buɗewa kafin in yanka farashi, don in san bututu nawa zan loda da buhun tsakuwa nawa.