Gonar maigida da gayaunar uwargida

Masana tattalin arziki sun daɗe suna ɗaukar gida tamkar aljihu guda, duk abin da ya shigo na kowa ne. Wani masanin tattalin arziki, Christopher Udry, ya gwada wannan zato a Burkina Faso, sakamakon ya fito a 1996. Gida ɗaya, shuka iri ɗaya, damina ɗaya, amma amfanin gonar mace ya gaza na gonar miji da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ba ragwanci ba ne. Taki da masu aiki gonar maigida suke fara nufa.

Abin da ya fi damuna shi ne gidan gaba ɗaya ke yin asara, domin buhun taki na farko ya fi na biyar ƙara amfani. A zuba biyar a gandu, a bar gayauna ba ko mudu, an yi ɓarna.

Masu noman dankalin turawa a kewayen Jos, a raba taki bisa girman fili tun kafin shuka. A sa ranar noman gayauna cikin makon da za a nome gandu, kada ciyawa ta riga ta shanye takin. In kaya sun isa kasuwar Farin Gada, a ware buhunan uwargida da kuɗinta.