Godiya ga waɗanda suka tsamo ni daga ruwa ranar Asabar

Salam jama'a. Da hannun hagu nake wannan rubutun, na dama yana rataye a wuya, so duk inda kuka ga kuskure a yi haƙuri. Alhamdulillah ina gida, an mayar da kafaɗar, likita ya duba hoto ya ce ƙashi bai karye ba, gocewa ce kawai. Kira da saƙonni sun yi yawa ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a nan gaba ɗaya, in kuma faɗi abin da ya faru da bakina, don na ji har an fara cewa wai kan dutse na faɗa na suma. Ban suma ba, ruwa dai na sha shi ba kaɗan ba.

Mu shida muka shiga kogi, kowa da kayak ɗinsa, wato ƙaramin jirgin ruwa na mutum ɗaya da ake tuƙawa da filafili. Ga waɗanda ba sa harkar, ana auna wahalar kogi daga mataki na 1 zuwa na 6, namu na 3 ne, wato tsaka-tsaki, akwai igiyar ruwa manya da duwatsu da sai ka iya kauce musu amma ba wurin da ake cewa sai ƙwararru ba. Na taɓa bin wurin sau biyu lafiya lau, kuma gaskiya wannan ne ya ruɗe ni. An yi ruwan sama kwana biyu kafin nan, kogin ya ƙaru, kalarsa ma ta koma ja-ja. Da muka iso gangare na uku jagoranmu ya ce kowa ya fito mu leƙa daga bakin gaɓa, na fito kam amma kallon da na yi na je-ka-na-yi-ka ne, ina ganin ai na san hanya. Ashe dutsen da na saba gani a tsakiya ruwa ya rufe shi, a bayansa ya yi rami, irin wanda ruwa ke zubowa ya riƙa juyowa baya yana riƙe jirgi.

Na makara wajen karkatawa hagu, ramin ya kama ni a kaikaice, sai na yi abin da tun ranar farko aka hana mu, na ɗaga filafili sama da kai zan dogara da ruwa. Ji na yi kafaɗa ta ce ƙwas. Jirgi ya kife, kaina a ƙasa, mirginawar da ake yi a miƙar da jirgi in ya kife, wadda na yi wata da watanni ina koyo, babu halin yinta da hannu ɗaya. Na lalubo madaukin siket ɗin da ke rufe bakin jirgi da hagu na fizge na fito. Sanyin ruwan nan wallahi numfashi ya ɗauke min, baki a buɗe amma iska ta ƙi shiga.

Godiyata ta farko ga jagoranmu. Da na ji ƙafata ta taɓa ƙasa sai na yunƙura zan miƙe, kawai na ji muryarsa ta keto ƙarar ruwa, "Kar ka taka! Ƙafa sama!" Malam, Allah ya saka maka da alheri. Wanda ya miƙe a ruwa mai gudu, in ƙafarsa ta maƙale tsakanin duwatsu ruwan danne shi yake ta baya fuska a ciki, ko da zurfin bai wuce ƙugu ba. Na san wannan a karatu, amma a lokacin kwakwalwa ta tafi hutu. Na kwanta rigingine ƙafafu a gaba kamar yadda ya ce, rigar ceto ta ɗago ni, hular kwano kuma ta karɓi wani duka da har yanzu shatinsa na jikinta.

Sai 'yar'uwarmu mai igiya. Can ƙasa akwai bishiyar da ta faɗo cikin ruwa, rassanta kamar rariya, ruwa ya wuce mutum ya tsaya, kuma can na nufa. Igiyar farko da aka jefo ta wuce ta bayana. Ita ba ta yi gaggawa ba, ta kira sunana sai da muka haɗa ido sannan ta wurgo jakar igiyar, igiya ta sauka daidai ƙirjina. Na riƙe da hagu na ɗora a kafaɗa, ta zauna ta kafe ƙafa a dutse, wani ɗan'uwa ya riƙe ta ta baya, ruwan da kansa ya kaɗo ni gefe inda ya lafa. Daga baya na ga tafin hannunta duk ya saɓule, ko a fuska ba ta nuna ba. Yaya, ban san da wane baki zan gode miki ba.

Ina godiya ga biyun da suka bi jirgina suka turo shi gaɓa cike da ruwa, da wanda ya cire rigarsa busasshiya ya sa min ya zauna yana karkarwa a madadina. Na kuma gode da babu wanda ya ce bari ya ja hannun ya gyara a wurin duk da ni da kaina na roƙa saboda azaba, ɗaure shi kawai kuka yi a jikina muka taka a hankali zuwa mota. Direba, na gode da lallaɓa ramukan hanya, na san ihuna ya ishe ka. Ma'aikatan asibiti da suka karɓe mu da jiƙaƙƙun kaya muna ɗigar musu da ruwa a ƙasa, Allah ya biya ku. Uwargida kuma da ta iso ba ta ce min uffan ba sai sannu, na san maganar tana nan ajiye, ina jira.

An ce sai na yi makonni ina zuwa gashin ƙashi kafin a yi zancen komawa ruwa. Filafilina dai ya tafi, baƙi ne da jan tef a tsakiya, duk wanda ya bi ta ƙasan gangaren ya gan shi ya taimaka ya ajiye min. Mai riga kuma rigarka tana nan an wanke, ka zo ka karɓa ko in aiko.