Wasannin da suka dace da na'urar hannu da talabijin

Na'urar wasa ta Nintendo Switch, wadda ta fito a 2017, ana riƙe ta a hannu, ana kuma jona ta da talabijin. A ganina, wasan da ya fi dacewa da irinta shi ne wanda za a dakatar nan take, a ci gaba daga inda aka tsaya, musamman a Sakkwato, inda wuta kan ɗauke ana tsakiyar wasa. Mario Kart 8 Deluxe, wasan tseren motoci wanda aka sayar da kwafinsa fiye da miliyan 60, ya ƙara da wani abu: tsere ɗaya 'yan mintuna ne, kuma wa da ƙane kan raba madannai biyu da ake cirewa daga gefen na'urar su fafata. Wasan da dole sai da intanet kuwa, tsadar data ce ke kashe masa kasuwa a nan.